Yadda Wayar Ɗan Maiduguri Ke Auna Ma'adanarta

Duk wanda ya shiga Kasuwar Jagwal a Maiduguri zai sayi waya, tambayarsa ta farko bayan kuɗi ita ce: "Ram ɗinta nawa ne?" Mai shago ya ce giga biyu, ko uku, ko huɗu, a yi ciniki a rabu. Abin da ba a tambaya shi ne yadda wayar ke rarraba wannan ram ɗin. Can ciki akwai wata muhawara da injiniyoyi suka shafe shekaru suna yi, kuma sakamakonta yana taɓa Tecno da Itel da Infinix ɗin da ke aljihunmu.

Kowace wayar Android tana tafiya ne a kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhaja, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Kanel ba ya ba manhajoji ram a dunƙule. Yanka shi yake yi gida-gida masu girma ɗaya, ana ce wa kowane gida shafi. Dabarar ta faro tun daga kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila a farkon shekarun 1960. Girman shafin da aka fi sabawa da shi kilobayit 4 ne, kuma da wannan awo giga ɗaya kacal ya ƙunshi shafuka 262,144.

A nan matsalar take. Adireshin da manhaja ke gani ba shi ne ainihin wurin da bayananta suke ba, dole furosesa ta duba tebur ta gano wurin. Don kada ta riƙa doguwar tafiya kowane lokaci, tana da 'yar ƙaramar ma'adana mai sauri da ake kira TLB, wadda ke riƙe adireshin da aka yi amfani da su kwanan nan. Gurabenta ba su wuce ɗaruruwa zuwa 'yan dubbai ba. Idan abin da ake nema ba ya ciki, sai a koma bin teburin mataki-mataki, lokaci ya tafi, batir ma ya ragu.

Ɗauki mai sayar da gero a Kasuwar Monday. In zai rubuta kowane mudu a littafi, littafin zai cika kafin azahar. In ya rubuta buhu-buhu, layi ɗaya ya wadatar. Amma wanda ya zo neman mudu biyu aka ɗora masa buhu, ragowar ta zauna a hannunsa ba amfani, wani kuma ya rasa. Manyan shafuka su ne buhunan. A kwamfutocin Intel da AMD akwai na megabayit 2, wanda ke maye gurbin ƙanana 512, akwai kuma na giga ɗaya cur.

Linux ya bi hanyoyi da dama kafin ya iya da su. Da farko mai kula da na'ura ne ke ware manyan shafuka da hannunsa ta tsarin hugetlbfs, galibi saboda manyan rumbunan bayanai irin na Oracle. A 2008 aka gyara tsarin ya iya riƙe girma fiye da ɗaya a lokaci guda, kowane girma da nasa tari. A 2011, cikin Linux 2.6.38, aikin Andrea Arcangeli na kamfanin Red Hat ya shigo, inda kanel ke haɗa babban shafi da kansa ba tare da manhaja ta sani ba. An yi murna, amma ba ta daɗe ba ga kowa. Babban shafi yana buƙatar fili a jere, ram kuwa in ya daɗe yana aiki sai ya tarwatse, guntu nan guntu can. Kanel ya shiga kwashe-kwashe don share fili, manhaja ta tsaya jira. Har ta kai masu rumbunan bayanai na Redis da MongoDB suka daɗe suna ba da shawarar a kashe tsarin.

Ni a ganina gyaran da ya fi shafar mu shi ne na baya-bayan nan. Tsakanin kilobayit 4 da megabayit 2 tazara ce mai faɗi ƙwarai, kuma a da babu tsaka-tsaki. Matthew Wilcox ya share fage da tsarin folio a 2022, wanda ya ba kanel damar kula da jerin shafuka a matsayin abu ɗaya. Sai a Maris 2024, cikin Linux 6.8, aikin Ryan Roberts na kamfanin Arm ya buɗe ƙofa ga girma daban-daban: kilobayit 16, 32, 64, har sama. Wannan ya shafe mu domin furosesar wayoyinmu ƙirar Arm ce.

Google kuma ya bi ta wata hanya. Daga Android 15 waya na iya aiki da shafin kilobayit 16 tun daga tushe, kamar yadda iPhone ta daɗe tana yi. Kamfanin da kansa ya ce sauri na ƙaruwa da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, amma cin ram na ƙaruwa da kusan kashi 9. Ga mai waya mai giga goma sha biyu wannan ba komai ba ne. Ga mai giga biyu, wanda WhatsApp ke rufe masa da zarar ya buɗe manhajar banki, kashi 9 babban rashi ne. Sai dai shi ɗin ne kuma ya fi kowa buƙatar batir ya daɗe. Mutanen Maiduguri ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka tarwatsa turakun layin wutar Damaturu, gari ya koma biyan kuɗin caji a shago wata da watanni.

Shi ya sa nake ganin awo ɗaya ba zai dace da kowa ba. Kanel mai ba bidiyo babban shafi, ya ba ƙaramar manhaja ƙarami, ya kuma ja da baya in ram ya yi ƙaranci, shi ne ya dace da ƙananan wayoyi. Waɗanda ke gwada waɗannan gyare-gyare yawanci a kan manyan na'urori suke yi. Lambobin Linux kuwa a buɗe suke kyauta, kuma ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Maiduguri ko Ramat Polytechnic, da tsohuwar laptop, zai iya sauya girman shafi, ya auna abin da ya faru a na'ura mai ƙaramin ram, ya aika wa masu kula da kanel sakamakon.