Nisan Tafiya Daban, Gusawa Daban: Darasin Fiziks A Titunan Fagge Da Sabon Gari

Da sassafe ɗan adaidaita sahu ya fito daga gidansa a Fagge, ya ɗebi 'yan kasuwa zuwa Kantin Kwari, ya kai wasu Singa, ya bi titin Murtala Muhammad ya faɗa Sabon Gari. Haka zai yini yana kai da kawo har magariba, sannan ya ajiye kekensa daidai inda ya ɗauke shi. Mai ya ƙare, taya ta ci, jiki ya gaji. Amma in aka tambayi malamin Fiziks ko nawa wannan bawan Allah ya gusa a yinin, amsarsa ita ce: ko taku ɗaya bai gusa ba.

Maganar kamar wasa, alhali ita ce ƙofar shiga ilimin motsi da ake koya wa ɗalibai a aji ɗaya na babbar sakandare, kuma tana yawan fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Abubuwa uku ne a cikinta: matsayi, nisan tafiya da gusawa.

Matsayi shi ne inda abu yake, kuma ba ya faɗuwa sai da abin kwatance. Duk wanda ya taɓa neman shago a kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari ya san haka. Ba a ce wa baƙo "ina cikin kasuwa" a yi shiru. Sai an ce masa ya shigo ta ƙofa kaza, ya ƙirga layi uku, ya yi dama. Ƙofar nan ita ce mafari, kuma da zarar an sauya ƙofa, kwatancen ya sauya ko da shagon bai motsa ba. Taswirar duniya ma haka take aiki: Kano na kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu.

Nisan tafiya kuwa shi ne tsawon duk hanyar da ƙafa ta taka, da kwana da zagaye da komowa. Shi ne abin da mitar mota ke ƙirgawa, shi ke shan mai, a kansa ake cinikin kuɗin mota. Ba ya raguwa, kuma babu ruwansa da gabas ko yamma.

Gusawa ita ce miƙaƙƙiyar tazara daga inda aka tashi zuwa inda aka tsaya, haɗe da fuskar da aka nufa. Sabon Gari wuri ne mai kyau na gane wannan, domin tun zamanin Turawan mulkin mallaka aka yanka unguwar layi-layi, tituna na gicciye juna. A ɗauka ɗan dako ya tura baro mita 300 gabas, ya yi kwana ya ƙara mita 400 arewa. Ya taka mita 700. Amma tsuntsun da ya tashi daga inda aka ɗora kayan ya sauka inda aka sauke su, mita 500 kacal ya yi, wajen arewa maso gabas. Lissafin Faisagoras ne ya ba da haka: 300 sau 300 a tara da 400 sau 400 ya zama 250,000, wato 500 sau 500. Hakkin ɗan dako a kan 700 ɗin yake, domin su ne guminsa.

Tarihin sufurin Kano ma shaida ne. Layin dogon da ya haɗa Legas da Kano tun 1912 ya haura kilomita 1,100, saboda yana ratsa Ibadan, Ilori, Jebba, Minna, Kaduna da Zariya. Tazarar biranen biyu a miƙe kuwa kimanin kilomita 830 ce, kuma kusa da ita jirgin da ya tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ke bi. Fasinjan jirgin ƙasa da na jirgin sama daga Kano zuwa Legas gusawarsu ɗaya, tafiyarsu ce ta bambanta.

Alhazan da ke tashi daga wannan fili suna aikata darasin da ƙafafunsu. Mai ɗawafi yana farawa daga saitin Hajarul Aswad, ya kewaya sau bakwai, ya ƙare a nan, don haka gusawarsa sifili ce. A sa'ayi kuwa ana farawa daga Safa a ƙare a Marwa. Tsakaninsu kimanin mita 450 ne, sawu bakwai sun haura kilomita 3, amma gusawar alhaji mita 450 ce kawai, daga Safa zuwa Marwa.

Amfanin bambancin ya wuce cin jarrabawa. Daga nisan tafiya ake fitar da sauri, daga gusawa ake fitar da sauri mai fuska, wanda matuƙin jirgin sama da masu awon ƙasa ba sa aiki sai da shi. Ɗalibin da ya haddace ma'anar da Turanci bai gan ta a zahiri ba, nan da nan yake rikicewa idan aka juya masa tambaya.

Saboda haka kira ga malaman kimiyya na Fagge da Sabon Gari shi ne su fito da yara harabar makaranta da igiyar awo da alli, su sa su taka mita 3 gabas da mita 4 arewa, sannan su auna mita 5 ɗin da hannunsu.