Ƙwaron da Ya Tilasta wa Inabi Aure

A yankin Burgundi na ƙasar Faransa akwai wata gonar inabi mai suna Romanée-Conti, wadda faɗinta bai kai hekta 2 ba. Da 'ya'yanta kaɗai ake yin wata jar giya mai tsadar gaske. Amma bayan girbin 1945 sai da aka tumɓuke itatuwanta kaf, saboda filoksera, wani ɗan ƙwaro daga Amurka mai tsotse saiwoyi, wanda ya addabi gonakin Turai tun shekarun 1860. Maganinsa aure ne, kamar yadda manoman ƙasar Hausa ke yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Turai bisa gindin na Amurka mai jure wa ƙwaron. An sake dasa gonar a 1947, ba ta kuma ba da giya ba sai 1952.