Togo: Abin da launin hawainiya ke faɗa wa mai kiwonta

Daga Aouda zuwa Sokodé har Dapaong, hawainiya ba baƙuwa ba ce a gonaki, kuma Togo na cikin ƙasashen da ke fitar da ita zuwa Turai da Amurka ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Sai dai ba ta jure zaman keji.

Launinta ne ke fara nuna matsala. In ta yi duhu da sanyin safiyar hunturu, ɗumin rana take nema. In ta yini a haka, tsoro ne ko takura. In fatar ta yi fari-fari kamar toka, saɓa za ta yi. Amma baƙin tabon da ba ya sauyawa ƙuna ce, ko rauni, ko cutar fata, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.

Galibi laifin mazauni ne. Tana buƙatar dogon keji na raga mai rassa da ganye, ita kaɗai. Ba ta shan ruwa a kwano, ɗigon kan ganye take lasa, don haka a riƙa yayyafawa safe da yamma. In idanunta sun faɗa, ƙishirwa ce. Hasken da ya ratso gilashi ba ya ƙarfafa ƙashinta: a fitar da ita hantsi, amma a bar mata inuwa.