Hanyoyi Biyu na Ba da Wuta a Injin Babur

Injin babur ba ya tashi sai fulogi ya yi tartsatsi daidai lokacin da fistin ya matse fetur da iska. Ga biyu daga cikin hanyoyin samar da tartsatsin.

Ta farko ita ce ta kwantak, irin wadda Honda CG125 ya fito da ita a 1975. Wasu 'yan ƙarafa biyu ne ke haɗuwa suna rabuwa. Da sun rabu, sai koyil ya harba wuta. Tazararsu kamar milimita 0.4 ce. Gogayya da ƙurar hunturu kan cinye su, har wutar ta saɓa lokacinta.

Ta biyu ita ce CDI, wadda Kawasaki ya sa wa baburansa na H1 a 1969. A nan kwandansa ke tara wuta, na'urar lantarki ta sake ta. Babu gogayya, babu saiti.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Malamin gona da baburinsa ya mutu a ƙauyukan Gwandu ko Kalgo, in kwantak ne, 'yar sanfefa da sukudireba sun mai da shi gida. In CDI ne ya ƙone, ba ya gyaruwa, sai an nemo sabo, wataƙila daga Birnin Kebbi.