Yadda aka riƙa ƙirgar masu sanƙarau a ƙasarmu

Mun san lokacin sanƙarau. Yana zuwa cikin rani, daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da ƙura ta yi yawa. Da ruwan damina ya sauka sai ya lafa. Yara da samari ya fi kamawa.

A shekarun 1990, babban makamin ma'aikatan lafiya shi ne littafi da alƙalami. Kowane gidan likita yana da littafin rajista. In an kawo yaro da zazzaɓi mai tsanani, da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, sai malamin likita ya rubuta shekarunsa da sunan garinsu. Ƙarshen mako ya ƙirga: mutum nawa suka kamu, mutum nawa suka rasu. Sai ya aika da lissafin zuwa likitar gunduma, daga nan zuwa jaha, har ya kai Yamai. Ko ba a samu kowa ba, wajibi ne ya rubuta sifiri ya aika, don shiru ba ya nuna lafiya ake.

Mene ne amfanin wannan ƙirga? Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka. A wancan zamani, in an samu mutum 15 cikin 100,000 a mako, har mako biyu a jere, to annoba ta shigo. Mu yi lissafi tare. Gunduma mai mutum 200,000, iyakarta mutum 30 ke nan a mako. Da an kai nan sai a nemi allurar rigakafi, a yi wa jama'a.

Amma littafi ba ya ganin yaron da aka bari kwance a ɗaka. Wanda aka kai gidan likita shi kaɗai ake rubutawa. Kafin lissafi ya cika, kafin allura ta iso ƙauye, an yi makonni, an yi jana'iza da yawa. A 1995 fiye da mutum 25,000 suka kamu a Nijar. A 1996 da 1997 annobar ta kama fiye da mutum 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A ganinmu, jinkirin labari ya yi ɓarna ƙwarai a waɗannan shekaru.

A 2010 aka fara sabuwar allura a Nijar, da Mali, da Burkina Faso. Ta karya irin sanƙarau da ake kira A. Sai ga irin C ya tayar da annoba a 2015, har cikin Yamai. Shi ya sa ba a daina ƙirga ba. An ma rage iyakar zuwa mutum 10.

Jariri ba ya iya cewa wuyansa na ciwo. In jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono, maɗigarsa ta kumbura, a kai shi gidan likita ran nan, kada a jira gobe. A kuma faɗa wa malamin sunan garinku daidai, don ya rubuta.