Tsakanin Dokta East Da Malam Abubakar Imam, Wa Ya Koya Wa Wani?

In ana zancen malami da almajirinsa, galibi mutane sukan ɗauki abin kamar tulu da randa, watau wannan ya zuba, wancan ya karɓa, in ta cika shi ke nan kowa ya kama gabansa. Amma wanda duk ya bi labarin yadda aka fara wallafa littattafan hira na Hausa da boko zai ga lalle ba haka al'amarin yake ba, don kuwa a nan an sami almajirin da ya komo yana yi wa malaminsa gyara, shi kuma malamin bai ji kunyar karɓa ba.

A shekara ta 1933 wani Baturen makaranta, Dokta R. M. East, wanda ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai daga kansu su rubuta, za a yi gasa. Ba ƙaramar wahala ya sha ba. Shi da kansa ya bayyana a wata muƙala da ya buga a 1936 cewa malamai da yawa suna ganin rubuta abin da bai faru ba aikin banza ne, tatsuniya kuwa sai mata da yara. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Malam Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida da shi East suka haɗu suka rubuta.

To, masu karatu, ku dubi sunayen nan da kyau. Malam Bello Kagara wan Imam ne, ya girme shi da shekara wajen ashirin, a hannunsa ya tashi a Katsina. Kuma malami ne a Kwalejin Katsina, inda Imam ya yi karatu daga 1927 zuwa 1932, Ɓalewa kuma yana bayansa da shekara ɗaya. Ashe ke nan malami da almajiransa biyu ne suka shiga fage ɗaya suka kara, ba wanda ya ce girmansa ya zube. Shi littafin Ɓalewa ma, in kun tuna, ai labarin wani shaihin malami ne da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya zauna ya kwashe labarin wahalar da ya sha ya gaya musu.

Imam yana da shekara 22 lokacin gasar, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. East ya ga yaron nan yana da baki, yana da ban dariya, sai dai aikin yana bukatar sassaƙa. Saboda haka a 1936 ya roƙi aronsa daga Katsina na wata shida. Da ya iso Zariya sai ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turawa, irin su Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus, ya ce ya karanta ya ga yadda masu sana'ar ke ƙulla labari su warware. Imam na rubutawa, East na dubawa suna tattaunawa, har Magana Jari Ce ta fito littafi uku.

Wannan shi ne abin da malami ya bayar, kuma Imam bai taɓa ɓoye shi ba har ya bar duniya. Ni a ganina ma ya biya bashin tun a cikin littafin. Duk wanda ya karanta na uku ya san yadda Waziri Aku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa ba da labari, in ya yi daidai ya yaba, in ya kauce ya tsawata ya nuna masa inda ya ɓata. Da wuya mutum ya karanta wurin nan bai hango Bature da ɗan malamin Midil zaune a ofis ɗaya da takardu gabansu ba. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan almajiri ya rubuta sunan malaminsa don kada ya ɓace, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya yi yana lissafa waɗanda ya yi karatu wurinsu. Imam dai nasa salon ya bi, ya sa abin a bakin tsuntsu.

Amma fa ruwan bai tsaya yana gangara gefe guda ba. East ya iya Hausa ƙwarai, ya san nahawu, a zamaninsa ne ƙa'idojin rubutun boko suka zauna. Sai dai sanin nahawu daban, sanin abin da zai sa Bakatsine ya yi dariya a zaure daban. Labarin da aka ɗauko daga Jamus ko Bagadaza, in ba a canja masa riga ba, aka sa masa sarki da waziri da dogarai da 'yan kasuwa irin namu, aka ɗaura masa karin magana a ka, ba mai sauraronsa. Wannan kuwa ba a littafin da East ya tara yake ba, a bakin Imam yake. Shi ya sa har gobe akwai masu rantsuwa cewa labarun nan duk na gargajiyarmu ne.

Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, Imam aka ɗauko ya zama editanta na Hausa, ya riƙe ta shekara goma sha biyu. Nan ne almajiri ya zama abokin shawara. East ya san injin buga takarda da hanyar shawo kan Gwamnati, Imam kuwa shi ya san abin da talaka ke gunaguni a kai, da yadda za a faɗe shi sarakuna su ji ba tare da an rufe jaridar ba. A 1943 ya tafi Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Dokta Azikiwe, ya gana da Lugga, ya faɗa masa matsalolin Arewa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, East na shugabanta. Bayan haka suka fitar da Ikon Allah, littafin da ke bayanin halittu da abubuwan al'ajabi na duniya, sunayensu biyu jere a bango, ba a ce wane malami wane almajiri ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ko makarantunmu na yau za su iya haifar da irin wannan. Wata shida mutum biyu suka yi suna bin rubutu layi layi. Yanzu kuwa sai ka tarar da malami ɗaya gaban yara fiye da yadda zai iya riƙe sunayensu, ga albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, da an tashi sai ya garzaya neman abin cefane. Yaushe zai lura da wanda ke da baki a cikinsu, balle ya tara masa littattafai? Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suna ƙoƙari, suna gina azuzuwa suna yin fenti, Allah ya saka musu. Amma kaɗan ne ke neman tsohon malamin da ya yi ritaya su kai masa aikinsu ya duba, ko su gaya masa abin da suka gano wanda bai sani ba.

East ya bar aiki ya koma ƙasarsu a farkon shekarun 1950, ya rasu a 1975. Malam Bello Kagara ya riga shi, a 1971, yana Walin Katsina. Alhaji Abubakar Imam, Allah ya jiƙansa, ya cika a Zariya a 1981. In ka shiga kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari ka tambayi masu sayar da littattafai Magana Jari Ce, za su miƙo maka. Ka tambaye su East, sai dai wani dattijo daga cikinsu ya ce, ai shi ne Baturen Imam.