Ranar da Aka Juya Fanka a Ramin Cherry

A garin Cherry na jihar Illinois ta Amurka, kimanin kilomita 160 daga Chicago, mutum 259 suka rasu a ramin haƙar kwal a watan Nuwamba na 1909. Abin da ya fara kama wuta kuwa damin ingirici ne guda shida da aka saukar domin alfadaran da ke jan amalanken kwal a ƙarƙashin ƙasa.

Kamfanin St. Paul Coal ne ya buɗe ramin a 1905 domin ya riƙa samar wa jiragen ƙasa na layin Chicago, Milwaukee da St. Paul makamashi. Sabon rami ne, har alfahari ake yi da shi, domin da lantarki ake haskaka manyan hanyoyinsa a zamanin da wasu ramukan ba su san wannan gata ba. Akasarin ma'aikatan 'yan ci-rani ne daga Italiya da ƙasashen gabashin Turai da Birtaniya, da yawansu ko Turanci ba sa ji, kuma a cikinsu har da yaran da shekarunsu ba su kai na aiki ba.

Sai an fahimci yadda iska ke yawo a ramin kafin a gane abin da ya faru. Rijiya biyu ce ta sauka daga doron ƙasa. Ta farko babba ce, a cikinta kejin ƙarfe yake hawa da sauka da mutane da kwal. Ta biyu rijiyar iska ce, a bakinta aka girke wata ƙatuwar fanka mai tura iska ƙasa, iskar ta zagaya lunguna ta fito ta babbar rijiya. A cikin wannan rijiyar iska aka kafa matakalar katako domin gudun ko-ta-kwana. Hawa biyu ake haƙa, ɗaya a zurfin kusan mita 100, ɗayan kusan mita 150. Ga inda gizo ke saƙar: kejin babbar rijiya ba ya ɗauko mutane daga hawan ƙasa. Wanda yake can sai ya hau ta rijiyar iska zuwa hawan sama, sannan ya taka zuwa babbar rijiya ya shiga keji. Ke nan ran duk wanda ke hawan ƙasa a rataye yake a wannan rijiya guda.

Kwanaki kafin ranar, wayar lantarkin ramin ta lalace, aka koma rataye fitilun kananzir a bango kafin sabuwar waya ta iso. Ranar Asabar 13 ga Nuwamba, mutum kusan 500 na ƙasa. Bayan rana ta raba aka turo amalanken ingiricin nan aka bar shi kusa da rijiyar iska, daidai ƙarƙashin wata fitila mai ɗigar da mai. Ya kama.

Ƙaramar gobara ba baƙon abu ba ce a ramin kwal, shi ya sa waɗanda suka fara gani ba su ɗauke ta da zafi ba. Wasu ma suka wuce ta gefenta suka hau keji suka tafi gida. Aka yi ta tura amalanken gaba da baya ana neman inda za a sami ruwa, a ƙarshe aka jefa shi ta rijiyar iska zuwa hawan ƙasa, inda aka kashe shi. Amma kafin nan wutar ta riga ta lashi gumakan katakon da ke tallafe da rufin hawan sama, ga fanka tana hura mata iska kamar zugazugin maƙeri. Duk wannan lokaci ba wanda ya aika a gaya wa masu haƙa a lunguna masu nisa su fito. Keji ma ya ci gaba da ɗauko kwal na wani lokaci bayan wuta ta tashi, abin da ni a ganina ya fi fitilar laifi.

Da hayaƙi ya turnuƙe hanyar zuwa babbar rijiya, sai aka ba da umarni a tsayar da fanka, daga baya kuma aka ce a juya ta. Bai kamata a yi saurin kiran wannan wauta ba. Iskar da fanka ke turawa ita ke kora hayaƙi zuwa babbar rijiya, inda mutane suka taru suna jiran keji. In aka juya ta, iska mai kyau za ta sauko ta babbar rijiya, masu jira su sami numfashi. Haka kuwa aka yi, kuma akwai waɗanda wannan ya cece su. Sai dai fankar da aka juya ta zama mai zuƙa, kuma abin da ta zuƙo harshen wuta ne. Wutar ta bi rijiyar iska ta yi sama, ta cinye matakalar katako, ta kai bakin rijiya ta kama ɗakin fankar kansa. Fanka ta tsaya cak. A ɗan lokaci kaɗan ramin ya rasa hanyar gudu, ya rasa abin da ke ba shi iska, mutanen hawan ƙasa kuma wuta ta tsaya tsakaninsu da duniya.

A sama gari ya taru a bakin rami, mata da goyo, yara na kuka. Wasu mazaje suka ce su dai za su sauka. A cikinsu akwai manajan ramin John Bundy, akwai kuma waɗanda ba su da haɗi da haƙar kwal, kamar John Flood mai kantin tufafi da Dominic Formento mai kantin kayan abinci. Sau shida suna sauka cikin hayaƙi suna jawo waɗanda suka galabaita. A sauka ta bakwai, ƙararrawar da ake yi wa mai injin keji ishara da ita ta riƙa kaɗawa barkatai. Shi kuwa ƙa'idar aikinsa ita ce kada ya motsa keji sai ya ji ishara sarai, domin jan keji mutum na shiga yana iya raba shi biyu. Ya tsaya jira. Jama'a suka yi ta roƙonsa har da barazana kafin ya ja. Da keji ya iso, duk su 12 sun ƙone.

Da dare aka rufe bakin rijiyoyin domin a hana wutar iska. Iyalai suka ga an binne musu mutane da rai, hankula suka tashi har sai da aka kawo sojojin jiha su yi gadi. Masana ceto suka zo da hulunan numfashi daga Urbana da Pittsburgh, 'yan kwana-kwana suka zo daga Chicago. Da aka buɗe aka sake shigar da iska, wutar da aka zaci ta mutu ta farfaɗo, dole aka sake rufewa. Gaba kura baya sayaki: iskar da mutanen ƙasa ke bukata ita wutar ma ke jira.

A can ƙasa kuwa mutane ba su mutu nan take ba. Daga baya, da masu kwashe gawarwaki suka isa hawan ƙasa, sun tarar da ɗimbin mutane a wuri guda, kusa da su ga fanka ta katako da suka harhaɗa da hannunsu daga tarkacen da ke wurin, suna juyawa domin su kore gurɓatacciyar iskar da ke tasowa bayan gobara. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi. Fitila kan fara dusashewa ta mutu, sannan mutum ya ji barci na fizgarsa. Wasu sun sami zarafin rubuta wa iyalansu wasiƙa a guntun takarda. Wani saurayi mai suna Sam Howard ya yi ta rubuta abin da ke faruwa sa'a bayan sa'a har zuwa ranar Litinin.

A hawan sama wasu mutum 21 suka yi wata dabarar daban. Walter Waite da George Eddy, ƙwararru a aikin ramin, suka ja su zuwa wani lungu mai nisa da wutar, suka gina katanga da duwatsu da laka da katako suka toshe kansu, domin iskar da ta rage a lungun kada ta gauraya da mai guba. Fitilunsu suka mutu bayan 'yan kwanaki, suka zauna cikin duhun da ko tafin hannu ba a gani. Ruwa sai ɗan abin da ke tsattsafowa a ramukan da suka tona, baƙi ƙirin da ƙurar kwal, ana bin layi ana lasa. Yunwa ta sa suka tauna ɓawon gumakan katako da fatar takalma. Waite ya riƙa kwantar da rigima idan ta taso a kan ruwa, yana sa su addu'a da waƙar coci, ko da yake ba yarensu ɗaya ba. Ranar Asabar 20 ga wata, da suka ga zama ma mutuwa ce, masu sauran ƙarfi suka fasa katangar suka fita da lalube neman ruwa. Suna cikin rarrafe suka yi kiciɓis da masu aikin kwashe gawa, waɗanda ba su taɓa zaton akwai mai rai ba. Aka fito da su a rana ta 8. Ɗaya daga cikinsu ya cika bayan kwana biyu, 20 suka rayu.

Ba a sake samun kowa da rai ba. Ranar 25 ga Nuwamba aka liƙe rijiyoyin da kankare, ba a buɗe ba sai a Fabrairun 1910. An ci kamfanin tarar dala 630 saboda sa yara aiki. Bayan shiga tsakani, ya biya kimanin dala 1,800 ga iyalin kowane magidanci da ya rasu. Jihar Illinois ta yi sabuwar doka a 1910 kan kayan kashe gobara da tashoshin ceto a ramukan kwal, a 1911 kuma ta yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya mutu a bakin aiki. A 1910 ɗin ne gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da ma'adinai, bayan jerin masifu da suka haɗa da na Monongah a 1907, inda mutum 362 suka hallaka.

Dokokin fanka da ake bi yau a ramukan kwal na Amurka ba daga Cherry kaɗai suka fito ba. Sun taru ne a hankali, musamman bayan fashewar ramin Farmington ta 1968 da ta ci mutum 78 ta haifar da dokar 1969, kuma hukumar kare lafiyar masu haƙar ma'adinai, MSHA, ce ke kula da su. Amma wanda ya san labarin Cherry in ya karanta su zai yi ta ganin wuraren da ya sani. Babbar fanka dole ta kasance a doron ƙasa, cikin ɗakin da wuta ba ta ci, a goce ta daga saitin bakin rami da aƙalla ƙafa 15, a yi ƙofofi ko bango mai rauni da gangan wanda fashewa za ta ɓalle ta fice ta bar fankar. Layin lantarkinta daban da na ramin. Ba a ajiye abin da ke kama wuta a tazarar ƙafa 100 daga gare ta. Kuma dole a sa mata na'urar da za ta yi ƙara in ta rage gudu ko ta tsaya, a inda akwai mutum zaune kullum mai layin magana da na ƙasa.

Ƙararrawar da ba a gwadawa ba a san ko tana aiki ba, gwada ta kuwa na nufin tsayar da fankar, wato a yi da gangan abin da ake tsoro. Saboda haka aka kewaye gwajin da sharuɗɗa. Kowace ranar aiki wani horarre zai duba fankar. Aƙalla sau ɗaya a kwana 31 za a tsayar da ita a ga ko na'urar ta yi ƙara, sai fa in hukuma ta amince da wata hanyar gwaji. In ramin na da fanka fiye da ɗaya, a gwada ƙofofin da ke rufe kansu, domin in ɗaya ta tsaya sauran na iya jawo iska baibai ta cikinta, hanyar iskar ramin duka ta juye ba da sanin kowa ba. Lokacin gwajin ba a barin kowa a ƙasa sai waɗanda aikin ya wajabta. Wanda ya yi gwajin ya sa hannu da kwanan wata, a adana takardar shekara guda. Duk wani babban sauyi na hanyar iska kuma sai an fitar da ma'aikata an yanke wuta tukuna.

Minti 15 shi ne iyaka. In fanka ta tsaya ba zato mutane na ƙasa, nan take a kashe injuna a janye kowa daga inda ake haƙa. In ta dawo kafin minti 15, mai lasisi zai auna iskar metan kafin a ci gaba. In ta wuce haka, kowa ya fito, a yanke lantarki. Dalili shi ne metan ba ya daina tsattsafowa daga jikin kwal don fanka ta huta, kuma da zarar ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Tayar da fankar ma ba ya kawar da haɗarin nan take, domin iskar farko takan kwaso gas ɗin da ya taru a lunguna ta bi da shi ta kan injuna da wayoyi, shi ya sa ba a mayar da wuta ko ma'aikata sai masu duba rami sun zagaya da ma'auni sun tabbatar ya fice.